Masu shuɗiyar hula: in ba yaƙi suka zo yi ba, me suka zo yi?

Tun da sojan ƙarshe na MINUSMA, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya (ONU), ya bar Mali a ƙarshen Disamba 2023, maganar da ake yi a nan Damagaram kusan guda ce, ko a fada wajen shan shayi ko a gurup na WhatsApp: shekara 10 suna zaune a Gao da Tumbutu da Kidal, ga fararen matoci, ga jirage, ga kuɗi ana kashewa kamar ba a san zafinsu ba, ta'addanci kuma sai gaba ya yi har ya tsallako mana Tilaberi da Tawa, to me suka tsinana? Wanda ya yi wannan tambaya bai yi laifi ba wallahi, don kuwa kuɗin aikin nan ya haura dala biliyan 1 a shekara, sojojin kuma sun kai wajen 13,000 ban da 'yan sanda. Amma daga nan sai wasu su zarce su ce ai duk wani sojan ONU zamba ce, a kwashe su ko'ina suke a Afirka a huta, nan ne ni kam nake cewa a dakata tukuna.

Abu na farko, muna haɗa abubuwa uku a kwando ɗaya muna kiransu "sojojin waje". Akwai sojan wata ƙasa da ya zo da tutar ƙasarshi yana karɓar umarni daga Faris ko Washinton, irin sojojin Faransa da suka fita nan Nijar a Disamba 2023 da Amurkawan da suka bar Agadas a 2024. Akwai rundunar maƙwabta da ake haɗawa don a yaƙi abokin gaba guda, irin ta ƙasashen tafkin Cadi da ta yi sansani a Difa saboda Boko Haram, ko wadda ƙasashen AES, wato Mali da Burkina Faso da Nijar, suka ce za su haɗa da soja 5,000. Waɗannan biyun yaƙi suka fito yi, suna da wanda suke nema su kashe. Na ukun su ne masu shuɗiyar hula na Majalisar Ɗinkin Duniya, su kuwa tun asali ba a ƙirƙire su don su ci wani da yaƙi ba, in ka auna su da ma'aunin yaƙi kullum za ka ga sun faɗi.

To don me aka ƙirƙire su? Saboda wata matsala da duk wanda ya taɓa shiga tsakanin masu gaba ya san ta. Yaƙi yakan kai inda ɓangarorin biyu duk sun gaji, gwamnati ta san ba za ta gama da 'yan tawaye ba, su ma sun san ba za su kama babban birni ba, an zauna an sa hannu a takarda an ɗauki hoto, sai a zo ga tambayar da takarda ba ta iya amsawa: wa zai fara ajiye bindiga? Ɗan tawaye yana daji da bindigarshi ba wanda ya isa ya taɓa shi, ranar da ya miƙa ta ya shiga sansani aka rubuta sunanshi da na ƙauyensu, ranar ya zama abin tausayi, in gwamnati ta canza ra'ayi cikin dare ɗaya za a tattara su. Ita ma gwamnati in ta janye sojanta daga wani gari wa ya ba ta tabbacin gobe ba za ta tashi ta ga tutar 'yan tawaye a kan ofishin perefe ba? Kowa na son a daina, kowa na tsoron ya zama shi ne wawan, sai yaƙin ya ci gaba shekara da shekaru ba don akwai mai sonshi ba.

Wanda ya saba shiga kasuwar dabbobi ranar Alhamis ya san aikin dillali. Makiyayi ya kawo sa daga nesa bai san mahauci ba, mahauci bai san ko san na sata ba ne, shi kuma mai sa bai san ko sauran kuɗinshi za su fito ba, dillali ba shi da sa ba shi da kuɗin amma in babu shi cinikin ba ya faɗawa, don shi ne kowannensu zai kama in magana ta tashi. Aikin sojan kiyaye zaman lafiya kenan a asalinshi. Shi ke tsare sansanin da aka tara tsofaffin mayaƙa, shi ke ƙirga bindigogi a gaban kowa ya riƙe makullin kwantenar, shi ke zagayawa ya ce e lallai an janye daga wuri kaza, ko a'a ƙarya ne ba a janye ba, kuma in aka yi harbi cikin dare shi ke zuwa da safe ya gano ko hari ne ko kuwa wani yaro ne ya tsorata ya saki harsashi, kafin ɗaya ɓangaren ya ce an karya alkawari ya rama.

Misalin da na fi so yana nan kusa da mu kuma ba a cika tuna shi ba. Cadi da Libiya sun daɗe suna faɗa a kan zirin Auzu, can arewacin Tibesti, an zubar da jini sosai musamman a 1987. Suka kai ƙara kotun duniya ta Hague, a Fabrairun 1994 kotu ta ce wurin na Cadi ne. Hukunci ya fito, amma wa zai tabbatar sojan Gaddafi ya fita da gaske? Mutanen Njamena ba za su yarda da bakin Turabulus ba, Libiya kuma ba za ta so ta fita sojan Cadi na bin ta a baya da bindiga ba. Sai ONU ta turo masu sa ido, sojoji 9 kacal, ba 9,000 ba, 9, suka tsaya suka ga an kwashe, ƙarshen watan Mayu na shekarar aka sa hannu cewa an gama, suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Tun daga ranar ƙasashen biyu ba su sake yaƙi a kan Auzu ba. Mutum 9 ba za su iya tare ko mato ɗaya na soja ba, ba ƙarfinsu ne ya yi aiki ba, idonsu ne.

Mu ma nan gida ai ba mu kaɗai muka sasanta kanmu ba. Hutun da muke yi ranar 24 ga Afrilu, ranar haɗin kan 'yan ƙasa, ya samo asali ne daga yarjejeniyar 1995 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen arewa, kuma Aljeriya da Burkina Faso da Faransa ne suka shiga tsakani kafin a kai ga sa hannu. Ba a kawo mana masu shuɗiyar hula ba, alhamdulillahi abin bai kai can ba, amma sai da aka tara mayaƙa a sansani aka shigar da wasu cikin kaki, sai Satumban 2000 aka ƙone bindigogi a Agadas. Shekara 5 fa tsakanin sa hannu da ƙona makamai, kuma duk da haka a 2007 ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ ta taso tana cewa ba a cika alkawura ba. Wannan a ƙasar da hukuma ke tsaye da ƙafarta kenan, to ina ga inda babu kotu babu jandarma babu albashi, shugaban ƙasa ma ya gudu.

Irin wannan ce Laberiya a 2003. Shugaba Charles Taylor ya fita zuwa Kalaba ta Najeriya a watan Agusta, sojojin Najeriya ne suka fara sauka Monrobiya da sunan CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, bayan 'yan makonni aka canza musu hula suka koma ƙarƙashin ONU aka ƙaro wasu har suka kai 15,000. Sun karɓi makamai daga hannun mutum sama da 100,000, cikinsu har da yaran da ba su san komai ba sai bindiga, aka horar da sabbin 'yan sanda, aka yi zaɓe a 2005 Ellen Johnson Sirleaf ta ci, da suka tashi tafiya a 2018 ta riga ta miƙa mulki ga George Weah ba tare da an harba ko harsashi ba. Saliyo ma haka, duk da cewa a can sun fara da abin kunya, a Mayun 2000 'yan tawayen RUF masu yanke hannun mutane suka kama sojojin ONU kusan 500 suka yi garkuwa da su, sai da sojan Ingila ya shigo aka ƙara yawan rundunar zuwa sama da 17,000 sannan abin ya daidaita, aka kwance ɗamarar mayaƙa fiye da 70,000, a farkon 2002 shugaba Tejan Kabbah ya ce yaƙi ya ƙare. Ba wai ƙasashen nan sun zama aljanna ba, talauci na nan cin hanci na nan, amma yau shekara 20 da wani abu ba a koma daji ba.

Angola da Mozambik kuwa kamar an yi su ne don a gwada. A Angola an tura 'yan sa ido 'yan ɗaruruwa a ƙasa mai faɗin gaske, aka yi gaggawar zaɓe a 1992 kowa na riƙe da sojojinshi, jagoran 'yan tawaye Savimbi ya faɗi ya ce bai yarda ba ya koma daji, yaƙi bai ƙare ba sai da aka kashe shi a 2002. A Mozambik aka ɗauki darasi, aka kai soja sama da 6,000, aka ce sai an sallami mayaƙa tukuna sannan zaɓe, ƙungiyar 'yan tawaye ta Renamo ta faɗi a 1994 ta yi gunaguni amma ta shiga majalisa. Wata malamar jami'ar Columbia a Amurka, Virginia Page Fortna, ta bi diddigin yaƙe-yaƙen basasa da yawa tana kwatanta inda aka kai irin waɗannan sojoji da inda ba a kai ba, ta samu cewa zuwansu na rage yiwuwar komawa yaƙi da fiye da rabi, kuma abin lura shi ne ba wurare masu sauƙi ake tura su ba, inda ya gagara ake kiransu.

Kuma don Allah a daina maganar kamar wasu baƙi ne can da ba ruwanmu da su. A Kodibuwa, inda 'yan'uwanmu 'yan ci-rani suke da yawa, sojojin Nijar sun yi shekaru cikin rundunar ONU ta can, ONUCI, a Yunin 2012 aka yi musu kwanton ɓauna kusa da Tai wajen iyakar Laberiya aka kashe 7, sun fita ne don kare ƙauyawan da aka ce za a kai wa hari. Wadda ta jagoranci aikin gaba ɗaya daga 2013 har aka rufe shi a 2017 'yar Nijar ce, Aishatu Mindaudu, tsohuwar ministar harkokin waje. Maman Sidiku ya riƙe na Somaliya na Tarayyar Afirka sannan ya riƙe MONUSCO, rundunar ONU ta Kwango. A Mali kuma ranar 3 ga Oktoba 2014 sojojinmu 9 suka rasu a hanyar Ansongo zuwa Menaka, Allah ya jiƙansu da rahama. In ka duba jerin ƙasashen da suka fi ba da soja za ka ga Nepal, Bangaladash, Indiya, Ruwanda, Pakistan, ba Faransa ba Amurka a sahun gaba. Manya su ke biyan kuɗi su ke rubuta umarni a Kwamitin Sulhu, talakawa su ke ba da 'ya'yansu, wannan rabon aikin shi kanshi abin a yi magana ne a kai. ONU na biyan ƙasa dala 1,400 da 'yan kai a kan kowane soja a wata, sama da jika 800 kenan a sefa, kuma baitulmalin gwamnati kuɗin ke shiga ba aljihun sojan ba, abin da ya iso hannunshi kuma ya danganta da ƙasar.

Yanzu mu koma Mali, don nan ne zuciyar ƙorafin. Tun daga 1956 da aka kafa runduna ta farko lokacin rikicin Suwez, aikin a kan sharuɗɗa uku yake tafiya: masu faɗan su yarda a zo, kada a goyi bayan kowa, kada a yi harbi sai don kare kai ko kare aikin da aka ba su. Ka ɗauki sharuɗɗan nan ka kai su arewacin Mali ka ga abin da zai faru. Rikici biyu ne a wurin a cakuɗe. Ɗaya tsakanin Bamako da 'yan tawayen Azawad, wannan yana da teburi, an sa hannu a yarjejeniyar Aljas a 2015, akwai abin da za a tsare. Ɗayan kuwa na masu iƙirarin jihadi ne, na Iyad Ag Ghali da na Daesh, su ba su sa hannu a komai ba, ba su gayyaci kowa ba, a wurinsu farar mato mai rubutun UN abin harbi ce kamar kowace. Sai aka wayi gari runduna mai dokar kada ta fara harbi tana bin hanyoyin da aka binne wa nakiyoyi, yawancin ƙarfinta yana tafiya wajen raka ayarin abincinta da man ta. Sama da mutum 300 nata suka mutu, 'yan Cadi suka fi kowa shan wuya, a Aguelhok kaɗai an kashe musu 10 rana ɗaya a Janairun 2019. Shi kuma talakan Menaka da Daesh ta kora daga ƙauyensu a 2022 yana ganin sansani cike da soja a bakin gari ba su fita ba, ka ce mishi ai ba a ba su izinin farautar 'yan ta'adda ba, wallahi ba zai fahimce ka ba kuma yana da gaskiyarshi.

Laifin wa? A ganina na waɗanda suka zauna a New York suka ɗauki maganin wata cuta suka ba mai wata cutar daban ne, suka kuma bar mutane suna zaton an kawo musu masu yaƙi. Amma ɓangaren da aikin ya dace da shi fa? Shekara 8 sojan Mali da 'yan tawayen Kidal ba su yi babban yaƙi da juna ba, jiragen MINUSMA ne ke kai gwamnoni da ma'aikata arewa, su ke kai kayan zaɓe, su ke haɗa ɓangarorin a ɗaki ɗaya in rai ya ɓaci. Da ministan harkokin wajen Mali Abdoulaye Diop ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu a Yunin 2023 ya ce su fita ba ɓata lokaci, tun ba su gama kwashe kaya ba faɗa ya ɓarke a kan wa zai gaji sansanonin, a Ber aka fara cikin Agusta, a Nuwamba sojan Mali ya shiga Kidal, a Janairun 2024 Bamako ta ce yarjejeniyar Aljas ta mutu, a Yulin 2024 aka yi ɓarin jini a Tinzawaten. Wani zai ce ai gara haka, ƙasa ta karɓi garinta, wannan ra'ayi ne kuma na san masu shi da yawa a garin nan. Ni dai abin da nake nunawa shi ne yaƙin da ya kwanta ya tashi a daidai lokacin da na tsakiya ya ɗauke ƙafa, yaƙin da dama bai kwanta ba kuma yana nan yadda yake.

Akwai kuma wani aikin da gwamnatoci ba sa so a ambata, shi ne shaida. Kowace irin wannan runduna tana da sashen kare haƙƙin ɗan Adam mai rubuta abin da ya faru, wa ya kashe wa, a ina, mutum nawa. Rahoton da ONU ta fitar a Mayun 2023 a kan garin Mura ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a Maris 2022 a hannun sojan Mali da wasu fararen fata da ke tare da su, Bamako ta ƙaryata ta ce 'yan ta'adda ta kashe, bayan wata guda aka ce MINUSMA ta tattara. Ko ka yarda da rahoton ko ba ka yarda ba, mai bindiga yakan ɗan yi tunani in ya san akwai mai rubutawa, ko ɗan tawaye ne ko mai kakin gwamnati.

Ba zan ɓoye munanan ba don suna da yawa kuma masu nauyi ne. A Srebrenica ta ƙasar Bosniya a Yulin 1995 sojojin Holan suna kallo aka ware maza da samari Musulmi kusan 8,000 aka kashe, a garin da ONU da bakinta ta ce tudun mun tsira ne. A Hayti kwalara ta fito daga sansanin sojojin Nepal a 2010 ta kashe mutum wajen 10,000, sai 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafara. A Afirka ta Tsakiya da Kwango an samu sojoji da lalata da mata da ƙananan yara, kuma ONU ba ta da kotun hukunta su, iyakarta ta mayar da mutum gida, ƙasarshi ta ga dama ta hukunta ta ga dama ta share. A Goma mutane sun fito zanga-zanga a 2022 suna cewa MONUSCO ta tafi, sama da shekara 20 tana ƙasar, ga ƙungiyar 'yan tawaye ta M23 ta sake shiga garin a Janairun 2025.

Ruwanda ce ake fara kawowa in ana wannan lissafi, amma a duba ta da kyau. Janar Roméo Dallaire, kwamandan rundunar ONU a can, yana da soja wajen 2,500 lokacin da kisan ya fara a Afrilun 1994, tun watanni kafin nan ya aika saƙo cewa ana tara makamai a ba shi izini ya kwashe aka hana shi, da aka kashe sojojin Beljiyam 10 sai Kwamitin Sulhu ya rage rundunar zuwa 270. Cikin kwana 100 mutum kusan 800,000 suka tafi. 'Yan kaɗan ɗin da suka rage, yawancinsu 'yan Gana, da wani kyaftin ɗan Senegal Mbaye Diagne da ya dinga ɗibar mutane a mato yana tsallakar da su shingaye har aka kashe shi, sun tsirar da dubbai. Wato abin da ya ci Ruwanda ba zuwansu ba ne, janye su ne a ranar da aka fi buƙatarsu. Shi ya sa da faɗa ya tashi a Juba, babban birnin Sudan ta Kudu, a Disamban 2013 ana bin mutane gida-gida saboda ƙabila, sojojin ONU suka buɗe ƙofar sansaninsu jama'a suka kwarara ciki, a wani lokaci sama da mutum 200,000 ke kwana bayan wayar ƙayarsu a Juba da Bentiu da Malakal. Wuraren ba daɗi, cunkoso da ƙazanta da ruwa in damina ta sauka, amma ka tambayi uwar da ta shiga da 'ya'yanta ko ta gwammace a ce babu sansanin.

Darfur kuma ta nuna ɗaya fuskar. Shekara 13 ana zagin UNAMID, rundunar haɗin gwiwar ONU da Tarayyar Afirka a wannan yanki na Sudan, ana cewa ba ta da amfani, gwamnatin Albashir ta hana ta sakat, hatta Janar Martin Luther Agwai na Najeriya da ya fara jagorantar sojojin ya yi ta kukan rashin jirage masu saukar ungulu. Aka rufe ta ƙarshen 2020. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Burhan da Hemeti a Afrilun 2023, abin da aka yi wa 'yan ƙabilar Masalit a El Geneina ba mai tsayawa a tsakani ba kuma ƙofar da za a gudu a shiga, sai dai a kama hanyar Adre da ƙafa, dubban ɗaruruwa suka tsallaka Cadi. Ba na cewa da UNAMID na nan da ba a yi yaƙin ba, wannan ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, amma da an samu inda za a fake.

Sai babbar tambayar da matasanmu ke yi, kuma ina jin daɗinta: me zai hana mu Afirka mu yi da kanmu? An gwada, tun 1981 ƙungiyar haɗin kan Afirka ta tura sojojin Najeriya da Senegal da Zayar zuwa Cadi, ba kuɗi ba tsayayyen umarni, suna nan Hissène Habré ya shiga Njamena a Yunin 1982 suka tattara suka koma. ECOMOG, rundunar CEDEAO, ta shiga Laberiya a 1990 lokacin da duniya ta kau da kai, Najeriya ta zuba kuɗi da rayuka masu yawa kuma ta cancanci yabo, amma Taylor bai taɓa kallonta a matsayin 'yar ba-ruwanmu ba, ya ɗauke ta abokiyar gaba. Matsalar maƙwabci kenan, ya fi kowa sanin wurin ya fi kowa saurin zuwa, amma yana da ƙabila a tsallaken iyaka yana da wanda yake so ya ci, mu da muka ga yadda CEDEAO ta yi barazanar kawo mana soja a 2023 ba sai an yi mana dogon bayani ba, wa zai yarda ta dawo gobe ta ce ita ce alƙali? Sojan Nepal kuwa bai san Ba'abzine ba bai san Bambara ba, rashin sanin nan rauni ne wajen aiki amma shi ne ya sa kowa ke iya miƙa mishi bindiga.

Sannan kuɗi. Rundunar Tarayyar Afirka a Somaliya tun 2007 sojojin Uganda da Burundi ne ke mutuwa amma alawus ɗinsu daga Tarayyar Turai yake fitowa, ranar da Turai ta rage sai aka shiga rigima. A Disamban 2023 Kwamitin Sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 2719 wanda ya ce ONU na iya ɗaukar har kashi 75 cikin 100 na kuɗin rundunar da Afirka ke jagoranta, a takarda abu ne mai kyau, sojanmu umarninmu kuɗin duniya, sai dai aljihun da za a ɗebo ɗin shi kanshi ya huje. Kasafin duk ayyukan kiyaye zaman lafiya na duniya bai kai dala biliyan 6 a shekara ba, bai kai ko kashi 1 cikin 100 na abin da ƙasashe ke kashewa a kan sojojinsu ba, Amurka ce ke da kaso mafi girma, sama da rubu'i, Sin na bi mata, in ɗayansu ya ƙi biya ko ya yi jinkiri sai komai ya tsaya. A wajen 2015 masu kaki a ƙarƙashin tutar ONU sun haura 100,000, yanzu ba su kai 70,000 ba, a 2025 kuma aka sanar za a sake rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu saboda kuɗi ba su shigo ba, ta kudancin Lebanon ma da ke can tun 1978 an yanke mata wa'adi zuwa ƙarshen 2026. Ga manyan biyar ɗin nan masu hawa kujerar na ƙi, tun rikicin Yukren da ƙyar suke haɗuwa a kan abu ɗaya, rabon da a kafa sabuwar babbar runduna tun ta Afirka ta Tsakiya a 2014. Yaƙin Sudan dai dole wata rana a zauna a kanshi, na arewacin Mali ma haka, kuma duk ranar da aka sa hannu za a nemi wanda zai tsare sansanin tara mayaƙa a Nyala ta Darfur ko a Kidal wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, a halin da ake ciki kuwa ba a ga mai biyan kuɗin jirgin da zai kai shi ba.